Zakin dutsen da aka raina a ɗaki, ina za a kai shi idan ya girma?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da na sa hoton nan ranar Asabar ake ta tambayata, wasu na cewa zakanya ce, wasu na cewa damisa ce da zanenta ya koɗe. Ba ko ɗaya. Sunanta puma, wasu su ce kuga, mutanen yammacin Amurka kuma zakin dutse suke ce mata. Babu irinta a Afirka. Ana samunta tun daga yankin Yukon na Kanada har ƙarshen duwatsun Andes a kudancin Chile da Ajantina. Launinta ja-ja ne kamar ƙasar jigawa, ga doguwar jela mai baƙi a ƙarshe. Ba ta ruri irin na zaki. Idan ta ji daɗi ƙugi take yi kamar magen gida, idan tana kiran wanda ta sani kuma sai ka rantse tsuntsu ne ke kuka.

Kusan shekara biyu ke nan ina zuwa aikin sa-kai duk Asabar a wata mafakar namun daji a jihar da nake zaune a nan Amurka. Ba gidan zu ba ne. Wuri ne da ake kawo manyan kyanwoyin da aka karɓo daga hannun mutane, su zauna har mutuwa. Wadda kuka gani ta kusa shekara 17. Wani ne ya saye ta tana jaririya, ya sa aka cire mata farata don kada ta yaga masa kujeru. Cire farce a wurin kyanwa ba yankan farce irin namu ba ne, gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa ake datsewa da ƙashinta. Yanzu idan ta tashi da safe sai ta daɗe tsaye, tana ɗaga dagin gaba na dama tana saukewa kamar wadda ke taka garwashi, kafin ta lallaɓa zuwa wurin ruwa. Dabbar da Allah ya halitta don tsalle daga dutse zuwa dutse, ga ta sai an yi mata gangaren katako kafin ta hau dakalin da bai kai ƙuguna ba.

Abba Ƙofar Mata:
Yaya, to me ya hana a buɗe mata ƙofa ta koma daji? Ni dai a ganina keji keji ne, ko da na zinariya ne.

Baban Hanifa:
Ƙanina, da za ta iya rayuwa a can da ni ne zan fara buɗe ƙofar. 'Ya'yan puma suna bin uwarsu shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, a nan suke koyon yadda ake laɓe wa barewa, inda ake cizo a wuya, yadda ake binne ragowar nama da ganyaye a dawo masa gobe, da kuma gudun mutum. Wadda ta tashi da bulumboti a falo ba ta san ko ɗaya ba. Abin da ta sani shi ne abinci daga hannun ɗan Adam yake fitowa. Ka sake ta yau, jibi tana bakin ƙofar wani, a kira hukuma a harbe ta. Wannan kuwa ko farcen kama bishiya ba ta da shi.

Hajiya Maman Khalil:
Wai tsaya Baban Hanifa, mutum da hankalinsa zai ajiye wannan a cikin gida? Da iyali?

Baban Hanifa:
Hajiya, har a tsakiyar birni. A watan Agustan 2021 an ɗauko wata puma mai wata 11 daga wani gida a unguwar Bronx cikin birnin New York. Sunanta Sasha, nauyinta ya kai kilo 36 tun ba ta cika shekara ba. Masu ita ne da kansu suka nemi a zo a ɗauke ta da suka ga abin ya fi ƙarfinsu. Ta kwana biyu a gidan zu na Bronx likitoci suka duba ta, sannan aka yi doguwar tafiya da ita zuwa mafakar Turpentine Creek da ke jihar Arkansas. Abin da ke ruɗar mutane shi ne kyan jariran. Ana haifarsu da ɗigo-ɗigo a jiki da shuɗayen idanu, duk wanda ya gani sai ya so ɗauka. Kafin shekara ɗigon ya ɓace, idon ya canja, wasan da take yi maka da haƙori ya fara fitar da jini.

Dakta Sani likitan dabbobi:
Bari in ɗora a kan maganar farata, don akwai wadda ta fi ta yawa, ita ce ta abinci. Mutum ya sayi ɗan kyanwar daji, ya ce ai mai cin nama ne, sai ya riƙa ba shi tsoka zalla, ko ƙirjin kaza marar ƙashi. A daji ba haka suke ci ba. Suna cin ƙashi da hanta da fata da kayan ciki, a nan suke samun sinadarin kalsiyam da sauran abin da jiki ke bukata. Tsoka zalla tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, sai jikin ɗan ya riƙa zuƙe na cikin ƙashinsa. Ƙafafu su lanƙwashe, ƙashin baya ya karkace, ya yi tsalle daga kan gado ya karye. Na ga irin wannan da idona a nan gida, ba a puma ba, a 'yan kwikwiyo da mage da aka yi wa gata marar ilimi. Idan an kama da wuri ana gyarawa, idan ƙashi ya riga ya ƙage a karkace shi ke nan.

Baban Hanifa, yaya kuke ciyar da su a can?

Baban Hanifa:
Dakta, aikina ke nan na safe. Ƙarfe bakwai muna ɗakin yanka, kowace dabba da robarta da sunanta a jiki, ana auna nama a sikeli. Tsohuwar nan wajen kilo biyu take ci, kaza da ƙashinta da naman sa, a barbaɗa garin sinadarai, a cusa maganin ciwon gaɓoɓi a cikin wata 'yar tsoka a miƙa mata da dogon ƙarfe ta cikin waya. Mafarauta kan kawo barewa kyauta a lokacin farauta, amma sai an duba babu harsashin dalma a ciki.

Dokar da ta fi kowace tsanani ita ce ba a shiga inda dabba take. Kowane shinge yana da ɗaki da fili, da ƙofar ƙarfe a tsakani da ake ja daga waje. Sai an kira ta cikin ɗaki da abinci, an sauke ƙofa, an sa kwaɗo, mutum na biyu ya zo ya ja kwaɗon da hannunsa ya faɗa da baki cewa a rufe yake, sannan mu shiga fili da shebur da tiyo. Matar da ke koya mini aiki ta shekara fiye da goma tana ciyar da tsohuwar nan, tana jin motsin takalminta take fara kukan tsuntsun nan, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa shafa kanta ba. Na tambaye ta ko ba ta sha'awa. Ta ce kullum tana sha'awa, amma ranar da ta sa hannu aka samu kuskure, ita za a kai asibiti, dabbar kuma za a kashe.

Malam Idi na Maraɗi:
Ni ina da magana, kuma a yi mini uzuri. Kilo biyu na nama kullum ga kyanwa guda, ga magani, ga likita. A garinmu akwai gidan da sai Sallah ake ganin nama. Ko a can Amurkar an ce akwai masu kwana a titi. Wannan ba almubazzaranci ba ne? Dabba ta tsufa, tana ciwo, ba ta komawa daji, ba ta haihuwa, ba a cin namanta. Harsashi guda ya wadatar, a hutar da ita, kuɗin a ba mabukata.

Hajiya Maman Khalil:
Malam Idi, ban ƙi ta taka ba game da yunwa, muna ganinta a ƙofar gida kullum. Amma ka fi ni sanin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta ɗaure ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Abin da na fahimta shi ne duk wanda ya tsare rai, ciyarwa ta hau kansa. Wannan dabba ba ita ta kawo kanta falo ba. Mutum ne ya raba ta da uwarta, mutum ne ya datse mata yatsu. Abincin da ake ba ta yanzu ba kyauta ba ce, bashi ake biya.

Malam Idi na Maraɗi:
Hajiya, bashin wanda ya saye ta ne, ba na jama'a ba. Shi za a kama ya biya.

Barista Hauwa:
Baba Malam, a nan ne gizo ke saƙar. Shekaru da yawa babu dokar tarayya a Amurka da ta hana mutum ajiye zaki a bayan gidansa, kowace jiha da nata tsarin, wasu ma ba su da komai. Abin da ya girgiza su shi ne na garin Zanesville a jihar Ohio, ranar 18 ga Oktoban 2011. Wani mutum mai suna Terry Thompson ya buɗe kejin dabbobinsa wajen 50 ya sake su, sannan ya kashe kansa. Dare na yi, ga gidajen mutane kusa, ga babbar hanya, 'yan sanda suka bi su da bindiga. Cikin waɗanda aka kashe akwai damisar Bengal 18, zaki 17, da puma 3. Wa za a kama ya biya a nan? Ohio ta yi dokarta a 2012, amma ta tarayya sai ranar 20 ga Disamban 2022 Shugaba Joe Biden ya sa mata hannu. Ta hana ɗaiɗaikun mutane mallakar zaki, damisa, jaguwa, cita, puma da duk wanda aka haɗa jininsu, ta kuma hana a ba jama'a jarirai su riƙe. Waɗanda ke da su tun da farko an ce su yi rajista kafin 18 ga Yunin 2023, su riƙe na hannunsu amma ba ƙari, ba barbara.

Wannan na riƙe jarirai shi ne tushen cinikin. Kafin dokar nan ana raba ɗa da uwarsa yana kwanaki kaɗan, masu yawon buɗe ido su biya kuɗi su ɗauki hoto da shi. Wata uku zuwa huɗu ya yi girman da ba a iya riƙe shi, sai a nemi inda za a jefar da shi a sake haifar wani. Mafakun nan ragowar wannan ciniki suke kwashewa.

Abba Ƙofar Mata:
To Anti, ta yaya mutum zai gane mafakar gaskiya da ta ƙarya? Don ina ganin bidiyoyi a TikTok, mutum na rungume da zaki yana cewa ceto shi ya yi.

Barista Hauwa:
Idan ka ga runguma, ka ɗora alamar tambaya. Akwai ƙungiyar GFAS da aka kafa a 2007 mai tantance mafaku a duniya, kuma sharuɗɗanta a fili suke: ba a sa dabba ta haihu, ba a saye ba a sayarwa, ba a barin baƙo ya taɓa. Wurin da kullum akwai sabon jariri, tambayi kanka daga ina yake fitowa.

Baban Hanifa:
Malam Idi, ina so in amsa maka da kyau, don tambayarka ni ma na yi wa kaina ita a ɗakin yanka, ina tuna gida. Ba zan ce maka kuɗin ba su da yawa ba. Amma ba daga baitulmali suke fitowa ba, mutane ne ke bayarwa da son ransu, kuma yawancinmu ba a biyanmu ko sisi. Sannan maganar hutar da dabba ba baƙuwa ba ce a wurin. Ana yi, idan ciwo ya rinjayi rayuwa.

Akwai wani shahararren puma da aka yi wa laƙabi da P-22. Ya tsallake manyan hanyoyin mota biyu na Los Angeles, 405 da 101, waɗanda suka ci 'yan'uwansa da yawa, ya shiga dajin shaƙatawa na Griffith a tsakiyar birni, aka fara ganinsa a kyamara a 2012. Shekara goma yana nan shi kaɗai, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 23 ko kusa da haka, alhali namijin puma kan mallaki ɗaruruwa. Bai taɓa samun mace ba. A 2014 an kama shi jikinsa duk ƙazwa, aka samu shinkafar ɓera a jininsa, daga cin ƙananan dabbobin da suka ci gubar, aka yi masa magani aka sake shi. A ƙarshen 2022 ya fara kai wa karnukan mutane hari a unguwa, aka kama shi a bayan wani gida. Mutane da yawa suka yi ta roƙon a kai shi mafaka ya ƙarasa kwanakinsa. Da likitoci suka duba sai suka ga mota ta buge shi, ƙashin kai ya tsage, ido ya samu rauni, kayan ciki sun turo cikin ƙirji, ga ciwon ƙoda. Ranar 17 ga Disamba aka yi masa allura ya tafi. Ni ina ganin daidai aka yi. Dabbar da ta yi shekara 12 ba ta san waya ba, ka kulle ta da ciwo irin wannan, azaba ce a kan azaba.

Amma tsohuwarmu daban ce. Ita waya ta sani tun tana jaririya, kuma inda take yanzu shi ne wuri mafi faɗi da ta taɓa takawa. Da rani muna daskarar da jini da ruwa a bokiti mu ajiye mata, ta kwanta a inuwa tana lasa. Muna fesa turare ko mu zuba kirfa a kwali, ta yi ta birgima a kai tana goga kumatu har kwalin ya yi laushi. Dabbar da ke yin haka ba ta gama da duniya ba.

Malam Idi na Maraɗi:
Na ji bambancin da ka kawo, kuma na yarda da rabinsa. Wanda aka lalata a hannun mutum, a riƙe shi. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da yawan abin da ake kashewa ba. Allah ya sa niyyarku ta zama lada.

Baban Hanifa:
Amin Malam, na gode.

Dakta Sani likitan dabbobi:
Kada kuma a ɗauka duk na mafaka daga falo suka fito. Akwai marayun daji. A gobarar dajin Zogg ta Kalifoniya, ƙarshen Satumban 2020, wani ɗan kwana-kwana ya tsinci ɗan puma da bai wuce mako shida ba, bai kai kilo biyu ba, tafin ƙafafunsa sun ƙone, gashin bakinsa ya babbake. Likitocin gidan zu na Oakland suka yi ta yi masa aiki da sauya bandeji har ya warke, aka sa masa suna Captain Cal, daga baya aka kai shi gidan zu na Columbus tare da wasu marayu mata biyu. Shi ma ba ya komawa daji, saboda dalilin da aka faɗa wa Abba.

Wani haɗarin kuma shi ne tara su wuri guda. A ƙarshen 2024 murar tsuntsaye ta shiga wata mafaka a garin Shelton na jihar Washington, ta kashe kyanwoyin daji 20, huɗu daga ciki puma ne. Kyanwa ba ta jure wannan cuta, wata cikin kwana ɗaya take tafiya. Tana iya zuwa ta ɗanyen naman kaza, tana iya zuwa ta kashin tsuntsun da ya bi ta sama. Baban Hanifa, ku kula da kajin nan.

Baban Hanifa:
Tun lokacin aka sa mana bahon maganin kashe ƙwayoyin cuta a bakin kowane shinge, sai ka tsoma takalmi kafin ka wuce, kuma an daina karɓar agwagin da mafarauta ke kawowa.

Ɗan Zango Kumasi:
Ina ta karatu ban ce komai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, muna ta kallon Amurka, mu fa? Ina yaro na sha bin gardawa masu wasa da kura, an sa mata takunkumi an ɗaure da sarƙa, muna tafi muna murna. Ban taɓa tambayar inda take kwana ba, ko abin da ke faruwa da ita idan ta tsufa ta daina kawo kuɗi. A 2019 ma an samu zaki a wani gida a Victoria Island cikin Legas. A Jos kuma zaki ya fita daga keji a Disamban 2015, ƙarshenta harbe shi aka yi. Zakin Afirka ta Yamma kansa binciken 2014 ya ce saura wajen 400, mafi yawansu a dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, sai 'yan kaɗan a Yankari da Kainji da Senegal. Idan yau hukuma ta ƙwace ɗan zaki a hannun wani attajiri a ƙasashenmu, ina za ta kai shi?

Dakta Sani likitan dabbobi:
Gidan zu, shi ne amsar gaskiya, kuma yawancinsu fama suke da kuɗin abincin na hannunsu. Abu mafi sauƙi da za a fara da shi shi ne bindigar allurar barci da wanda ya iya auna maganin, a ajiye a kowane wurin da ke da babbar kyanwa, da ƙofa biyu irin wadda Baban Hanifa ya kwatanta. Waɗannan ba su kai kuɗin mota guda ba.

Hajiya Maman Khalil:
Baban Hanifa, shi wanda ya cire mata faratan yana zuwa ganinta kuwa?

Baban Hanifa:
Ba ya zuwa, Hajiya. An ce ya yi waya sau biyu a shekarar farko, daga nan shiru. Ranar Alhamis likita zai zo a sa ta barci a ɗauki hoton dagin daman nan, don ana zargin wani guntun ƙashi da aka bari lokacin yankan ne ke sukarta daga ciki. Idan shi ne, ana iya cirewa ta samu sauƙi. Fargabar ita ce shekarunta da ƙodarta, ko za su ɗauki maganin barcin. Na nemi hutun rabin yini a wurin aiki, don ana bukatar mutum huɗu da za su ɗaga ta a kan shimfiɗa zuwa mota.

Malam Idi na Maraɗi:
Allah ya tashi kafaɗunta. Ka sanar da mu ranar Alhamis ɗin.